Inci Ashirin da Biyu

Motar asibiti ta tsaya a bakin ƙofar ƙarfen layinmu. Matata tana gida, numfashinta na sarƙewa.

"Ina makulli?" in ji direba.

"Yana aljihun Haji Sahib," in ji mai gadi. "Shi kuma yana masallaci, yanzu aka fara huɗuba."

Suka gwada shigo da gadon ɗaukar mara lafiya ta ƙaramar ƙofa, a miƙe da a karkace. Ya ƙi.

"Wane jaki ne ya auna ƙofar nan?" in ji direba.

Mai gadi ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Bara da masu fizgen waya a kan babur suka addabi Karachi, aka ce tsaro na kowa ne. Muka kafa kwamiti, Haji Sahib ne shugaba, muka sa wa layin ƙofa. Ni, mai digiri biyu, na yanke faɗin ƙaramar ƙofa inci ashirin da biyu don kada babur ya wuce. Har tafi aka yi mini.

Kafin mu tallabo ta a bargo, ta cika.

Bayan la'asar Haji Sahib ya wangale ƙofar, makara ta fita a wadace.

Wayata dai tana aljihuna, ba wanda ya taɓa ta.