Gayya a Kan Soro

Wannan misalin Malama Tabawa ce ta bayar, tsohuwar da ta koyar da rabin iyayen unguwarmu a firamare. Malam Nalado ta ba wa, shugaban kwamitin da iyaye suka kafa da suka ga matasa suna ta shiga damuwa, wannan ya daina magana da kowa, waccan sai kuka ba a san dalili ba. Wata uku kwamitin yana kafa rumfa duk Asabar, a kawo lasifika, a yi lacca, a yi addu'a, a watse. Amma Saude, 'yarsa ta cikinsa, tana nan yadda take. Ta bar zuwa makaranta, abinci sai an yi da gaske, in an tambaye ta kuma ta ce ba komai. Shi ne ya je gidan Malama yana ta kai da komowa a tsakar gida, wai su kam me ya rage ba su yi ba? Sai ta fara ba shi labari, shi kuwa ƙafarsa ba ta tsaya ba.

Wai an yi wani saurayi masaƙi da ya gaji wani tsohon ɗakin soro. Damina na faɗuwa ɗakin ya fara yoyo. Da hadari ya taso sai ya ja tabarmarsa kusurwar gabas, ruwa ya same shi, ya koma bayan ƙofa, nan ma ɗis, ɗis. Ya ɗauke zarensa ya rataye, ya sauke, ya sake ratayewa. Duk kwanon da ya mallaka ya kafa shi a ƙasa. Zare ya fara funfuna, saƙa ta tsaya, shi kansa ya rame, idonsa ya yi ja. Ko rana ake ƙwallawa ba ya iya zama wuri ɗaya, kullum idonsa yana gabas.

Maƙwabtansa kuwa mutanen kirki ne, wallahi. Da suka ga halin da yake ciki ba su jira ya roƙa ba, suka kira gayya. Aka kwaɓa ƙasa da ciyawa, aka jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa don shafe rufi, aka jingina tsani, maza suka hau. Duk inda suka ga tsaga sai su yaɓe. Mata suka dama kunu, aka sha, aka yi raha, kowa ya tafi gida da farin ciki. Washegari aka yi ruwa, yoyo yana nan. Mai unguwa ya tare shi a hanya ya ce, yaya ɗakin yanzu? Saurayin ya dubi hannun dattijon, har yanzu da laka a farce. Sai ya sunkuyar da kai ya ce Alhamdu lillahi.

To amma ramar ba ta ɓoyu ba. Suka ce ai ƙasar ce ba ta isa ba, suka sake hawa suka ƙara. Suka yi ta uku. Rufi ya yi nauyi, azara ta fara lanƙwasa tana ƙara, yanzu bayan ruwa har da tsoron kar ɗakin ya rufta masa. Aka kuma fara ƙananan maganganu. Wani ya ce yaron nan bai da godiya, wani ya ce raki ne irin na 'yan zamani, su da suka kwana a bukka me ya same su? Wata ma ta ce iska ne a ɗakin, a nemo hayaƙi.

Ana nan wata rana da la'asar, wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta zo wucewa, ruwa ya kece, ta faɗa ɗakinsa ta fake. Ba ta zo gyaran komai ba. Ta samu gefen tabarma ta zauna tana kallonsa yana ta zagaye da kwanoni. Ƙafarta kawai ta janye ta tura masa wani kwano. Can da aka jima, shi da kansa ya ɗaga hannu ya nuna mata wani wuri a bango, can sama, daidai gindin indararo. Ashe indararon ne ya fashe ta cikin bango. Ruwa ta nan yake shiga, ya bi jikin azara, ya je ya ɗiga duk inda ya ga dama. Rufin lafiyarsa lau tun farko.

Ta ce, “Ɗan nan, tun yaushe ka san wannan?”

Ya ce tun ruwan farko.

“To me ya hana ka faɗa?”

“Iya, ai kowa yana sama. Ba wanda ya taɓa shigowa ciki.”

Gyaran da aka yi bai wuce sabon indararo da ƙasa cikin kwano biyu ba. Abin da ya ci musu kwana uku shi ne kankare wadda suka labta da hannunsu. Azara ɗaya kuwa ta riga ta tsage, sai da aka tokare ta da itace, haka ɗakin ya ƙare rayuwarsa.

Nan Malama ta dube shi ta ce, “Malam, kun yi ƙoƙari, Allah ya saka. Amma ku sauko daga soron nan haka. Ka shiga wurin yarinyar nan hannunka ba komai, ko yau ba ta ce maka ƙala ba, gobe ka koma. Hausawa sun riga sun gama magana: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.”