Sunan da Kafinta Ya Bari

"Inna, sun ɗauke tambayarki daga sashen sunayen dangi, sun mayar da ita sashen sana'o'i," in ji 'yata, tana nuna mini wayarta.

Bayan rasuwar maigidana na sa ta rubuta tambayar a shafin masu binciken asali. Maraya ya tashi, bai san sunan mahaifinsa ba. Kafinta kowa ke kiransa, sunan da ya rubuta wa yaranmu a makaranta ke nan. Abu ɗaya nake son sani: sunan gida ya bar mana, ko ya tafi da abinsa?

Na ce, "Tambaye su dalili. Ban yi boko ba, amma ba a tashina daga tabarma ban ji laifina ba."

Mai kula da shafin ya amsa da ladabi. Ya ce a ƙa'idarsu, sunan sana'a ba ya zama na dangi sai waɗanda ba sa sana'ar sun amsa shi.

'Yata ta kwashe da dariya. "Mu da ko ƙusa muka buga sai ta lanƙwashe?"

Ta aika musu hoton katin aikinta na asibiti, da na ƙaninta direba, kowanne ɗauke da sunan Kafinta. Kafin yamma tambayar ta koma gurbinta.

Har maigidana ya rasu yana ƙorafin babu wanda ya gaje shi a sana'ar. Na buɗe shagonsa, na dafa teburin aikinsa, na ce, "Malam, zarton kawai suka ƙi. Sunan kam ya zauna."