Zuma Lita Biyu

Luƙman ya ɗiga zumar a kofin ruwa, ya tsaya yana kallo. Zuma ta gaskiya nutsewa take ta kwanta a gindin kofi abinta. Wannan kuwa ko tsakiya ba ta kai ba ta watse. Ya tsoma kan ashana a ciki ya ƙyasta, ashana ta ƙi kamawa. Sai ya nemi turmi ya zauna, ya ce da kansa, "Luƙman, yau kai aka ci."

Zumar ta mahaifiyarsa ce, Inna Hindatu, wadda tari ya hana ta sakat tun damina. Wani mai magani a Matankari ya ba ta gari, ya ce a riƙa kwaɓa mata da zuma, amma tsantsa, wadda hannu bai taɓa ba. Zuma ba ta yanke a kasuwar garinsu Tibiri ba. Sai dai Luƙman ya rantse uwarsa ba za ta lasa ko ɗigon ta kasuwa ba, kuma yana da dalilinsa.

A wani zauren WhatsApp ya ga tallar. Wata Madam Eliane ce a Dogon Dutsi, kwalabenta da takarda mai hoton kuka da ƙudan zuma, an rubuta da Faransanci cewa daga daji take. Lita biyu jaka goma sha biyu. Matarsa Shatu ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda aka biya kuɗin abin lasa ba a lasa ba. Ya ce mata ba ta san zamani ba, ya tura kuɗin ta waya, kwana biyu kaya suka iso tasha.

To ga zamani nan a kofi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuɗin sun yi masa ciwo, amma abin da ya fi ƙona shi, ya riga ya cika baki gaban Inna da ƙannensa cewa ya samo mata irin wadda ba a samu a Arewa duka. Ga kuma aikin da tsabta. An dafa sukari daidai launi, an ɗan tsamama shi da tsamiya, an barbaɗa ɓarɓashin kaki, har da mataccen ƙudan zuma guda a gindin kwalba don shaida. Ko wane ne ya yi ta, ya san hannunsa, wannan kam Luƙman bai hana shi ba.

Shatu ta lasa, ta dube shi, ta sake lasa. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce in dai "na faɗa maka" ce, ta riƙe kayanta. Ta koma ɗakin baya ta ci gaba da ninke masa buhunan sukarin da aka juye.

Ranar nan saƙon murya goma sha ɗaya ya aika wa Madam. Ya ambaci jandarma, ya ambaci zauren da zai tona mata asiri, ya ambaci ranar hisabi. Ya shirya wa gardama, sai ta amsa masa da ban haƙuri, ta ce ya zo da kwalaben ya karɓi kuɗinsa. Abin bai yi masa daɗi sosai ba, don ya riga ya tara fushi, kuma asara ce a bar shi ya huce a banza. Da safe ya hau mota zuwa Dutsi da kwalabensa a leda.

Ƴar butikin Madam, wato ɗan shagonta, na bayan coci. Mace ce mai sanyin hali, ta ba shi kujera da ruwa, ta miƙa masa kuɗinsa cif ba ta rage ko dala ba. Ta ce kunya ta ishe ta, ita ɗurawa kawai take a kwalba ta manna takarda. Wani direba ne ke kawo mata a jarka, mai zumar kuwa ko fuskarsa ba ta taɓa gani ba.

A nan ya kamata Luƙman ya sa kuɗinsa a aljihu ya nemi tasha. Amma ba kullum mutum ke samun kansa da gaskiya a hannu ba, kuma daɗinta ya ɗebe shi. Ya gyara zama ya shiga wa'azi. Ya ce mai wannan aiki ba ya tsoron Allah, da ran marasa lafiya yake wasa, irinsu ne suka sa amana ta ƙare a ƙasa. Har idonsa ya ciko da ya zo kan tarin Inna.

"Ki kira direban nan yanzu, Madam, shi faɗi sunan mutumen ga," in ji shi. "Ni da kaina zan raka ku wurin jandarma, in ga idonai."

Ta kira. Aka ce direban yana tasha, ga shi nan tafe. Luƙman ya jera kwalaben a kan teburi, ya gyara hula, yana ta zaɓen kalmar da zai fara da ita.

Ba a jima ba aka yi sallama, Jibo direba ya shigo yana goge hannu da tsumma. Ya gaida Madam, ya dubi kwalaben, sannan ya dubi baƙon da ke kan kujera, nan take fuskarsa ta ɓaci.

"Haba Malam Luƙman," in ji shi, "shekara ukku ina ɗauko zumarka ina kawo ma Madam, ashe yau zagaye ni ka yi ka kawo mata da kanka?"