Jinkar da Ta Kife Mai Ita

Ka ce addu'arka a ɗaki ta ishe ka, Habila, ba sai ka zo majami'a ba. To, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani manomi, ƙaƙƙarfa ne, ba ya wasa da garma. Wata shekara gonarsa ta yi albarka fiye da ta kowa. Ranar godiyar kaka, kowa ya ɗauki damin dawarsa ya kai gaban bagade, shi kuwa gogan ya ce in dai godiya ce, sai dai ya yi wa garmarsa da guminsa. Tun daga ranar ya ɗauke ƙafa daga sujada, ya daina zuwa gayya, ko sannu aka yi masa sai ya amsa da ka. Da bazara ta yi, jinkar rumbunsa ta ruɓe, ya sauke ta, ya ɗaura sabuwa a ƙasa kamar yadda ake yi, ƙatuwa, da gora da shuci mai kauri, don duk mai wucewa ya san rumbun wane ne. Al'adar garin kuwa, wanda ya gama jinka yakan faɗa a majami'a, in an tashi sujada maza su biya su ɗora masa. Matarsa ta ce bari ta faɗa, ya ce mata kul.

Ran Lahadi gari ya watse zuwa sujada, sai ga hadari ya haɗo daga gabas, ga hatsin shekara a buɗe. Ya kawo gwafa ya tokare gefen jinkar, ya shiga ƙarƙashi wai zai ɗago ta da kafaɗa. Gwafa ta goce. Jinka ta kife shi kamar kaza a akurki, bakinta ya danne masa ƙafa har ya ji ƙashi ya ce ƙas, shuci kuma ya lulluɓe ƙafar. Ya yi ihu har murya ta dushe, amma wa zai ji? Duk mai kunne yana can yana waƙa. Yana kwance cikin duhu yana jin rugugin tsawa, ga ƙafa ta tafi, ga hatsi zai bi ta.

Can sai ya ji takun mutane. Ashe matar ta ƙi jin kul ɗinsa. Suka yi sallama, ya gane muryoyinsu sarai, mutanen da ya daɗe yana yi wa kallon banza. Abin mamaki, bakinsa ya ƙi buɗuwa, kunya ta fi masa karayar zafi. Da suka ji shiru suka ce maigida ya fita, a yi maza kafin ya dawo ya kore su. Suka kewaye jinkar, kowa ya kama bakinta. Shi kuwa ya kasa kunne, yana jiran ya ji zaginsa. Sai dattijon ikilisiya ya ce a dakata, ya ce, "Ya Uba, mun gode maka da ka ba ɗan'uwanmu hatsin da sai irin wannan jinka za ta rufe shi. Shi bai samu zuwa ya faɗa ba, mu mun faɗa a madadinsa." Amin ta kewaye shi ta ko'ina. Jikinsa ya yi sanyi: godiyar da ya hana Allah, ga waɗansu suna yi masa ita a bayan idonsa.

Suka ɗaga. Haske ya faɗo a kansa, matarsa ta ƙwalla ƙara, "Wayyo Yesu, maigida!" Maza suka firgita, jinka ta karkata, saura kaɗan ta koma kansa. Dattijo ya daka tsawa, "Kada wanda ya saki!" Ba wanda ya saki. Mata suka janye shi, maza suka ɗora jinka a kan rumbu, ba su gama daidaita ta ba ruwa ya kece. Yana kwance a zaure, hawaye na bin kumatunsa, ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Na gode." Ba a san wa yake nufi ba, su ko Allah, kuma ba wanda ya tambaya.

Har ya mutu yana ɗingishi, amma da wannan ƙafar yake riga kowa isa majami'a. Ka ji dalilin da ya sa magabata suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.