Ba Zan Buga Shi a Hankali Ba

Sau uku tana fara kiɗan, sau uku yana tsayar da ita. Saura awa ɗaya a buɗe zauren da za a yi wasan, shi kuwa da ya tsara kiɗan sai kai-komo yake yi a bayan fiyano.

"Malama, 'a hankali' na rubuta a saman shafin. Ke kuma kina gudu kamar an biyo ki."

"Na gani," ta ce. "Ka ɗora shi a kan ƙaramar murya mai kashe jiki, ka ce a ja shi kamar ana rakiyar gawa. Wa ya mutu?"

Ya kau da kai. Tun ranar da yayanta ya ce ba zai ba makaɗi auren ƙanwarsa ba, bai sake kiranta ba, sai wannan kiɗan ya aiko mata.

"Bankwana ne," ya ce ƙasa-ƙasa.

"To ni ban yi bankwana da kowa ba."

Ta sake bugawa da sauri fiye da ɗazu, hannun hagu na bin na dama kamar zai cafke shi, sai ta tsaya cak.

"Yaya na waje cikin mota. Da ƙyar na shawo kansa, minti goma ya ba ka."

Ya dubi ƙofa, ya dube ta. "Me zan ce masa?"

"Abin da ka kasa faɗa mini da baki."

Ya fita har yana tuntuɓe da kujera. Ita ma zaman ya gagare ta, ta miƙe ta tsaya a bakin taga.