Layin Farko

Manaja da kansa ya zauna a gaban kwamfutar da ke sarrafa allon lantarkin zauren taro. Bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Tun da ya kori mai kula da allon bara saboda wata sanarwa ta fito guntuwa, ya yanke hukuncin cewa duk ma'aikatansa jakuna ne. Mutumin ya yi ta roƙo a bar shi ya yi bayani, Manaja ya nuna masa ƙofa.

Yau ake bikin ritayarsa, kuma masu kamfani za su zo. An raɗa masa cewa in suka ga ma'aikata na kukan rabuwa da shi, za su ba shi kujerar mai ba da shawara. Da yake ba mai kukan, sai ya sa matarsa ta tsara masa yabo da sunan ma'aikata. Ita da ta daɗe ba ta yi masa fara'a ba, ranar har da shayi ta kawo. Ta turo masa saƙon, layi-layi tsaf:

Mun gode wa Allah da tafiyar Manaja
ta zo cikin daraja da mutunci.
Uba, wa zai maye gurbinka?

Ta ce ya kwafa yadda yake, kada ya taɓa ko waƙafi.

Ya kwafa, ya liƙa a ɗan siririn gurbin rubutun allon, ya danna, ya miƙe yana gyara hula. Duba aiki ai na ƙananan ma'aikata ne.

Yana shiga zauren tafi ya ɓarke, irin wanda bai taɓa samu ba. Har da masu share hawaye. Ya ɗaga hannu yana godiya, sai ya ga babban mai kamfani ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa na rawa.

Ya waiwaya. Jajayen haruffa na ta zagaye a kan allo: MUN GODE WA ALLAH DA TAFIYAR MANAJA.

Daga baya wani ya ce amin, zauren ya amsa.

Ya sulale kan kujera kusa da matarsa, yana tambayar wane maƙiyi ne ya yanke masa yabo. Ta gyara mayafi, ba ta daina tafi ba.

"Gurbin nan ai layin farko kaɗai yake ɗauka, maigida. Abin da ƙanena ya so ya gaya maka ke nan ranar da ka kore shi."