Kiɗan Kunkuru

"Ke yarinya, wai wa ya yi kiɗan nan?"

Tambayar da Sumiye ta jiyo ke nan daga bakin ƙofa, riƙe da kwanon shinkafar da ta kawo wa mijinta a gidan kula da tsofaffi na birnin Osaka, can ƙasar Japan. Mijin nata ne ke tambayar ma'aikaciyar jinya, wadda wayarta ta yi ƙara a aljihu. Sumiye ta tsaya cak. Ai ta san kiɗan nan tun yana lambobi a kan takarda.

Shekara arba'in da suka wuce, mijin yana aiki a wani kamfanin wasannin bidiyo, irin waɗanda ake haɗawa da talabijin ana latsa maɓalli, ɗan mutum yana gudu yana tsalle. Shi ke sa musu kiɗa. Na'urar zamanin kuwa murya uku kacal take iya fitarwa a lokaci guda, kamar duwatsun murhu, kuma da ɗan mutumin ya yi tsalle sai ƙarar tsallen ta ƙwace ɗaya. Dole ya tsara kiɗan yadda ko da murya biyu ba zai yi ɗingishi ba. Sannan ya ɗinke ƙarshensa da farkonsa, ya yi ta zagayawa ba a jin inda aka haɗa. Wata bakwai ya yi a kan kiɗa ɗaya, abincinsa na hucewa a gabansa, ita tana ɗauka ta ɗumama ta mayar. Da aka gama wasan sai maigidansa ya kira shi ya ce, al'adar sana'ar ce ba a rubuta sunan ma'aikaci na gaskiya, kada wani kamfanin ya gani ya zo ya janye shi; ya zaɓi laƙabi. Bawan Allah ya sunkuya ya yi godiya, ya sa hannu a takardar alƙawarin yin shiru. Ya rubuta Kunkuru da harshensu, sunan da Sumiye ke tsokanarsa da shi saboda yadda yake noƙe wuya idan an yabe shi.

Wasa ya karɓu, kiɗa ya fi wasan tafiya. Direbobi suna rera shi da fito, ana sa shi a shaguna. Shi kuwa da aka samu sababbin na'urori masu ɗaukar kowace irin murya, sai aka mai da shi ɗakin ajiya yana jera kwalaye har ya yi ritaya. Wata shekara aka shirya babban taro, makaɗa tamanin suka buga kiɗan. Shi da Sumiye da tikitinsu suka shiga kamar kowa, suka zauna can baya. Ana gamawa maigidan nan ya hau dandamali ya karɓi furanni, ana ta tafi. A hanyar fita mijin ya yi ƙarfin hali sau ɗaya a rayuwarsa, ya ce wa wani ɗan jarida shi ne Kunkuru. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Baba, kai ne na huɗu yau." Tun daga ranar bai sake ɗaga maganar ba, har tsufa ya zo ya fara kwashe masa abin da ke kansa, yau sunan titi, gobe sunan 'yarsa.

Ma'aikaciyar ta duba wayarta ta ce, "Wai wani ne Kunkuru, Baba. Har yau ba a san ko wane ne ba."

"Sake sa min." Ta sake. Yatsunsa uku suna motsi a kan bargo. Can ya ce, "Kai, ya iya. Ko ina ɗinkin yake ban ji ba. Mutumin nan ya ji daɗin duniya."

Takardun kiɗan suna nan a gida cikin akwatin rigunan sanyi, da rubutun hannunsa, da tabon shayi. Kalma ɗaya Sumiye za ta faɗa. To amma ta faɗa wa wa? Duniya ta riga ta ba da amsarta a bakin ƙofar taro. Shi kuma in ta gaya masa, sai ya tuno furannin da kwalayen, ya wuni yana kuka, gobe ya manta, ya sake tambaya. Gara ya zauna da zaton cewa mai kiɗan ya ji daɗi. Ta shiga, ta buɗe kwanon, ta sa masa cokali a hannu, ta ƙudurta ba mai ji daga bakinta.

Hausawa dai sun riga sun faɗa: kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.